Ɗamarar Prestwick: Ranar Da Masu Ɗaukar Sanduna Takwas Suka Buɗe Gasar Golf Mafi Daɗewa A Duniya

Ran Laraba 17 ga watan Oktoba na shekarar 1860, da tsakar rana, waɗansu mutum takwas suka hallara a wani fili mai tuddan rairayi a bakin teku, a garin Prestwick da ke yammacin ƙasar Sikotilan, kowa da sandunansa a hammata. Iska na kaɗawa da ƙarfi, 'yan kallo kuma ba su taka kara sun karya ba. Kafin duhu ya yi sun gama abin da ya tara su, aka ɗaura wa ɗaya daga cikinsu wata jar ɗamara ta fata, kowa ya kama gabansa. Wannan ɗan taro shi ne mafarin gasar da ake kira Open Championship, wadda babu wata babbar gasar ƙwallon golf a duniya da ta kai ta daɗewa, kuma wadda a zamanin nan 'yan wasa 156 ke shiga kowace shekara, mutanen ƙasashe suna kallo ta talabijin.

Ma'anar sunan gasar ita ce wadda ƙofarta ke buɗe ga kowa. Amma a wannan karo na farko ƙofar a rufe take, kuma ta wani ɓangaren da mai karatu ba zai zata ba. Attajirai da 'ya'yan sarauta, watau masu kulob ɗin, ba su shiga ba, domin ba a shirya ta saboda su ba. Sun shirya ta ne domin su ga wane ne gwani a cikin barorinsu, masu ɗaukar musu sanduna.

Ga wanda bai saba da wasan ba, golf, wanda waɗansu ke kira ƙwallon lambu, ba shi da wuyar ganewa. Ana haƙa ƙananan ramuka nesa da juna a cikin fili mai faɗi, ɗan wasa ya riƙa bugun wata 'yar ƙwallo da sanda daga wurin farawa har ya jefa ta cikin rami, sa'an nan ya wuce rami na gaba. Ana ƙirga kowane bugu. Wanda ya kammala ramukan duka da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Saboda haka a wannan wasa ƙaramin adadi shi ne abin alfahari.

A Sikotilan ta wancan zamani mutum iri biyu ake gani a filin golf. Akwai masu hali, waɗanda ke wasa don nishaɗi, suna da kulob, da jajayen riguna, da liyafar cin abinci bayan wasa. Akwai kuma talakawan gari da ke cin abinci a gefensu: su ɗauki sanduna, su nuna wa maigida inda zai auna, su sassaƙa sanda, su ɗinka ƙwallo, in damina ta Turai ta wuce sanyi ya shigo wasa ya tsaya, su koma saƙa ko su, ko kuwa su zauna da yunwa. Da yake kullum suna fili, a cikinsu ne aka sami gwanayen gaske. Masu gida suka lura da haka, sai suka mai da abin caca. A haɗa gwanin wannan gari da na wancan, manya su zuba kuɗi, kamar dai yadda ake yi a sukuwar dawaki. A 1849 an yi wata karawa irin wannan a kan fam 400, kuɗi mai yawan gaske a lokacin, inda Allan Robertson da Tom Morris na St Andrews suka kayar da tagwayen nan 'yan gidan Dunn na Musselburgh. Kuɗin na masu gida ne. Wanda ya yi gumin, abin da aka ga dama aka miƙa masa shi ne rabonsa.

Shi wannan Allan Robertson, duk ƙasar ta sallama masa. Shi ne mutum na farko da ya zagaye tsohon filin St Andrews da bugu ƙasa da 80, ya yi 79 a shekarar 1858. Sana'ar gidansu kuwa ɗinkin ƙwallo ce, wadda ake yi da fata a cusa mata dafaffen gashin dinya har ta yi tauri kamar dutse. Aiki ne mai cin rai, gwani ba ya wuce uku ko huɗu a yini, don haka ƙwallo ɗaya takan kai kuɗin sanda ko ta fi, ga shi kuma da ta sha ruwa ta lalace. Wajen 1848 sai ga wata sabuwar ƙwallo ta fito, wadda ake yi da danƙon wani itace na ƙasar Malaya, mai araha, mai jure ruwa. Robertson ya ga abincinsa zai ƙare, ya ɗaura yaƙi da ita. Ran da ya kama yaronsa Tom Morris yana wasa da sabuwar ƙwallon, ran nan zamansu ya ƙare. Wannan saɓani na maigida da yaronsa a kan ƙwallon danƙo yana cikin abubuwan da suka sa gasar ta faro daga Prestwick maimakon St Andrews, wadda ita ce cibiyar wasan.

Dalili kuwa, a 1851 waɗansu masu hali suka kafa sabon kulob a Prestwick, garin da jirgin ƙasa daga Glasgow ya riga ya isa, suna neman wanda zai tsara musu fili ya kuma kula da shi. Jagoransu wani tsohon hafsan soja ne mai suna James Ogilvie Fairlie, aminin basaraken nan na Eglinton. Shi ya ɗauko Morris daga St Andrews da iyalinsa. Morris bai manta da wannan alheri ba, har ya raɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa sunan Fairlie ɗungurungum. Filin da ya tsara rami 12 gare shi, tsawonsa duka yadi 3,799, a matse cikin tuddai, hanyoyin ƙwallo suna giccin juna har mai wasa a wannan rami yakan yi hattara da ƙwallon mai wasa a wancan. Ramin farko kaɗai yadi 578 ne, tafiya mai nisa ga sandar itace da ƙwallon danƙo. Akwai inda sai an buga ƙwallo ta haye tudu ba tare da an ga ramin ba, akwai kuma wani ƙaton kwarin yashi da suke kira Cardinal, wanda in ƙwallo ta faɗa ciki sai mai ita ya yi da gaske.

ƊAN MUSSELBURGH

Can gabashin ƙasar kuma, kusa da Edinbara, wani saurayi ya taso a Musselburgh, sunansa Willie Park. An haife shi a 1833, ya fara da ɗaukar sanduna tun yana yaro. Dogo ne, mai dogon bugu, mai ƙarfin hali, ba ya jin tsoron kasada, kuma in ƙwallo ta matso kusa da rami hannunsa ba ya rawa. Tun a 1854 ya sa aka buga a jarida cewa yana neman Robertson ko Morris ko Willie Dunn, duk wanda ya isa ya fito a kara a kan fam 100. Morris ya fito, suka yi ta gwabzawa shekara da shekaru, yau wannan gobe wancan. Robertson kuwa bai taɓa amsa kiran su kara su biyu ba. Magoya bayansa suka ce girma ne, mutanen Musselburgh suka ce tsoro ne. Ko wanne ne, dattijon ya san cewa wanda ake ce wa ba a taɓa kayar da shi ba, babu abin da zai ƙaru da shi in ya tsaya gaban yaro mai jini a jika.

A watan Satumba na 1859 ciwon shawara ya kashe Robertson yana da shekara 43. Kujera ta zama babu kowa, gardama ta tashi. Mutanen Prestwick suka ce Morris ne magaji, na Musselburgh suka ce Park, St Andrews da Perth su ma kowa da nasa. Fairlie, wanda dama ya taɓa shirya wa masu wasan nishaɗi babbar gasa a St Andrews a 1857, ya ga hanyar raba gardamar. Ya aika da takardu zuwa kulob-kulob na Sikotilan da kuma Blackheath ta kusa da Landan, yana roƙon kowanne ya turo gwanayensa, kada su wuce uku. Sharaɗin da ya gindaya ya nuna irin kallon da ake yi wa mutanen: lalle wanda za a turo ya zama sananne, mai mutunci, wanda kulob ɗinsa ya tsaya masa. Ba a gindaya wa ɗan sarauta irin wannan sharaɗi.

Kyautar da aka tanada ɗamara ce, irin wadda ake bai wa zakaran dambe a Ingila a lokacin. 'Yan kulob ɗin Prestwick suka haɗa fam 25, maƙeran farfaru na Edinbara suka yi ta, da babban kai na azurfa mai zanen 'yan wasa. Jikinta jar fata ce mai laushi, irin wadda Turawa ke kira fatar Maroko. Wannan suna ba baƙo ba ne ga majema da dukawan ƙasar Hausa, domin da shi ne jar fatar awakin Sakkwato da Kano ta daɗe tana shiga kasuwannin Turai, bayan ayarin raƙuma sun ƙetare Sahara da ita zuwa gaɓar Bahar Rum. Dokar ɗamarar biyu ce. Ta farko, wanda ya ci ba zai tafi da ita gida ba sai ya kawo jingina ko mai tsaya masa, wanda zai gamsar da kwamiti cewa za a dawo da ita lafiya baɗi. Tsoron da ake yi a fili yake, kada talaka ya kai ta kasuwa in sanyi ya matsa. Ta biyu, duk wanda ya ci sau uku a jere, ta zama tasa har abada. Da alama waɗanda suka rubuta doka ta biyu ba su ɗauka za a taɓa cika ta ba.

Mutum takwas kaɗai suka amsa kira. Ban da Morris mai masaukin baƙi da Park, akwai Andrew Strath daga St Andrews, da Robert Andrew daga Perth, da George Daniel Brown daga Blackheath, da Charlie Hunter ɗan Prestwick, sai Alexander Smith da William Steel daga Bruntsfield ta Edinbara. Aka karanta musu dokoki, aka raba su biyu-biyu, aka haɗa kowane rukuni da mai lura daga cikin masu gida, wanda zai bi su yana rubuta bugu, domin ba a yarda su ƙirga wa kansu ba. Zagaye uku za a yi na rami 12, watau rami 36, duk a yini ɗaya. An kuma bar tsarin da aka saba a wasannin caca, inda mutum biyu ke karawa rami bayan rami, aka ce a tara bugun kowa gaba ɗaya a ga na wa ya fi kaɗan. Wannan tsari ne gasar ke bi har yau.

Kowa ya ɗauka Morris zai ci. Shi ya haƙa ramukan nan da hannunsa, shekara tara yana taka filin safe da yamma, ya san kowane tudu da inda iska ke juyawa. Shekarunsa 39, Park kuwa 27, baƙo ne a wurin. Amma tun a zagayen farko baƙon ya nuna ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba: ya yi 55, Morris ya yi 58. A zagaye na biyu suka yi kunnen doki, 59 kowannensu. Saura rami 12, tazara bugu uku, rana kuma ta karkata, ga kwanakin Oktoba a can gajeru ne. Morris ya sake yin 59, bai ƙaru ba bai ragu ba, kamar yadda halinsa yake, mutum mai natsuwa wanda rauninsa ɗaya shi ne in ƙwallo ta zo dab da rami. Park ya ɗan sassauta, tazarar ta fara narkewa. Masu tarihin wasan sun ce a rami na ƙarshe ƙwallonsa ta tsaya wajen yadi goma daga ramin, a ƙasa mai gargada, inda bugu biyu za su ba shi nasara, uku kuwa su jawo kunnen doki. Mai hankali zai lallaɓa ta ta matso kusa. Park ya auna ramin kai tsaye, ta faɗa. Ya gama da 60, jimla 174, Morris yana da 176.

Strath ya zo na uku da 180. Daga nan sai rata ta buɗe: Andrew 191, Brown 192, Hunter 195, Smith 196. William Steel, wanda ya zo na ƙarshe, bugu 232 ya yi, watau ya fi zakara da 58, kusan zagaye guda cur. Adadin nan ya nuna cewa a duk ƙasar da ta haifi wasan, gwanayen gaske a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Abin da Park ya samu a ranar, in aka cire suna, ɗamarar aro ce. Ba a ware wa zakara ko sule ba. Sai dai sunan ma jari ne, domin daga ranar duk mai son ya zuba kuɗi a kan gwani ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma sandar da aka sassaƙa a shagon zakara ba a tayin ta da araha. Sai a 1863 aka fara sa kuɗi a gasar, fam 10 gaba ɗaya, sa'an nan a 1864 aka ware wa na ɗaya ladansa, fam 6, wanda Morris ya karɓa.

AN BUƊE ƘOFA

Masu wasan nishaɗi da suka tsaya kallo a 1860 ba su ji daɗin zama a gefe ba. Waɗansunsu na ganin in an ba su dama za su iya da barorin nasu. Saboda haka a 1861 kulob ɗin ya shelanta cewa gasar a buɗe take ga duk duniya, daga nan ne kuma sunanta ya samo asali. Mutum 18 suka shiga, takwas daga cikinsu masu gida ne, har da Fairlie kansa. Sakamakon bai yi musu daɗi ba. Morris ya ci da 163, Park na biye, masu gida suna can baya. Haka aka yi ta yi shekara talatin, sai a 1890 wani mai wasan nishaɗi, John Ball na Ingila, ya ci, a nan Prestwick ɗin. Wannan shi ne babban abin da gasar ta yi wa masu ɗaukar sanduna, ko da yake ba da niyya ba: ta sa maigida da bara a ma'auni ɗaya, a gaban jama'a, da alƙalami da takarda, kowace shekara.

Shekaru bakwai da suka biyo baya ɗamarar ta yi ta kai da kawowa tsakanin mutum biyun nan. Morris ya ci a 1861 da 1862, a karo na biyun da tazarar bugu 13, wadda har yau ba a yi kamarta a gasar ba. Saura ƙiris ta zama tasa, sai Park ya tare hanya a 1863. Morris ya karɓe a 1864, Strath ya kutsa a 1865, Park ya dawo a 1866, Morris ya sake ci a 1867 yana da shekara 46, kuma har yanzu shi ne mafi tsufa da ya taɓa cin gasar. Wanda ya raba su yana cikin gidan Morris. Ɗansa, Tom ƙarami, wanda yake ɗan shekara tara ran da aka yi gasar farko, ya ci a 1868 yana da shekara 17, mahaifinsa na biye da shi a matsayi na biyu. Ya sake ci a 1869. A 1870 ya buɗe wasa da jefa ƙwallo a ramin nan mai yadi 578 da bugu uku kacal, ya gama rami 36 da 149, watau ya rage 25 daga adadin da Park ya ci da shi shekara goma baya. Doka ta biyu ta cika, yaro ya naɗe ɗamara ya tafi da ita St Andrews, ba jingina, ba mai tsayawa.

Masu gida suka rasa abin da za su bayar, har shekarar 1871 ta wuce ba a yi gasa ba. A 1872 ne Prestwick da kulob ɗin St Andrews da na Edinbara mai wasa a Musselburgh suka haɗa fam 10 kowanne aka sayi butar azurfa, wadda ake kira Claret Jug, suka kuma yarda gasar ta riƙa zagayawa tsakanin filayensu uku. A wannan karo ba a sake rubuta dokar mallaka ba. Tom ƙarami ya ci na 1872 ma, huɗu ke nan a jere, amma butar ba ta kammalu ba, sai lambar zinariya aka ba shi; Tom Kidd ne ya fara ɗaga ta a 1873. A 1874 ƙanen Willie Park ya ci, mai suna Mungo Park, wanda bai haɗa kome da Baturen nan mai yawon bin Kogin Kwara da ya halaka a Busa a 1806 ba sai suna da ƙasar haihuwa. Willie kansa ya ci na huɗunsa a 1875.

Shekarar nan ta 1875 ita ce ta baƙin ciki ga gidan Morris. A watan Satumba uba da ɗa suna North Berwick suna karawa da Willie da Mungo Park, sai ga waya cewa matar Tom ƙarami tana naƙuda mai tsanani. Kafin su isa gida ta rasu, ita da jaririn. Bai ƙara wata huɗu ba shi ma ya bi su, ran Kirsimeti, yana da shekara 24. Tsohon ya rayu har 1908, ya binne matarsa da 'ya'yansa duka. Bayan rasuwarsa iyalin suka miƙa ɗamarar ga kulob ɗin St Andrews. Willie Park ya riga shi da shekara biyar, ya rasu a 1903, bayan ya ga ɗansa, Willie ƙarami, ya ci gasar a 1887 da 1889.

Buɗe fili bai buɗe zauren kulob ba. Shekara sittin bayan gasar farko, ƙwararren ɗan wasa bai da izinin shiga ɗakin da masu gida ke cin abinci ko sauya tufafi. A 1920, da aka yi gasar a Deal ta Ingila, Ba'amurken nan Walter Hagen ya yi hayar ƙatuwar mota da direba, ya sa aka ajiye ta a ƙofar kulob, a ciki yake sauya takalma yana cin abincinsa, masu gida suna leƙe ta taga. A 1923 a Troon, maƙwabciyar Prestwick, ya zo na biyu, aka gayyace shi ciki don bikin ba da kyauta, ya ƙi, ya ce tun da duk mako ba a ga ya isa shiga ba, yau ma a bar shi a waje. A wannan fili na Troon ne, a 2024, Xander Schauffele na Amurka ya ci gasar ya karɓi dala miliyan 3.1.

Ita kuwa Prestwick, girman abin da ta haifa ne ya fi ƙarfinta. An faɗaɗa filin zuwa rami 18 a 1882, ta karɓi gasar har sau 24, amma wurin a matse yake tun asali. A 1925 dubban 'yan kallo suka kwararo daga Glasgow ta jirgin ƙasa, suka cika hanyoyin ƙwallo, masu tsaro suka kasa. Macdonald Smith, haifaffen Sikotilan da ya koma Amurka, wanda ya shiga zagayen ƙarshe yana gaba da bugu biyar, jama'ar da ta zo taya shi murna ce ta yi masa ƙawanya har ya rikice, ya yi 82, Jim Barnes ya ɗauki buta. Tun daga ranar ba a sake kai gasar Prestwick ba. Kulob ɗin yana nan, ana wasa a filinsa, shida daga cikin dandalin ramukan da Tom Morris ya shata suna aiki har yanzu, kuma a yamma da zauren kulob an tara duwatsu an gina 'yar alama a daidai inda aka yi bugun farko ran 17 ga Oktoba, 1860.